Hoto na gudu sama? Duba sync tukuna

Ɗan uwa, ka ce injin wasan gem ɗinka na Street Fighter II sauti lafiya lau amma hoto sai gudu yake sama, to kar ka zargi bod ɗin tukuna. Murɗa V-Hold (maɓallin monita mai tsayar da hoto kar ya yi sama ko ƙasa) a hankali, in bai tsaya ba duba haƙoran JAMMA (mahaɗin da ke haɗa bod da wayoyin injin) wajen sync (siginar da ke daidaita hoto), datti kaɗan ma yana jawo haka, ni nawa da kilinar fensir na goge su shikenan wallahi. Sa mita ka ga wutar 5V da ke zuwa bod ta cika. Kafasitan tun 1991 ai sun gaji, canza su kawai. Amma don Allah kafin ka taɓa robar nan ta bayan tub (kwalbar gilashin monita) sauke wutar, tub ɗin na riƙe dubban bolt ko ka zare soket.