Noman gansakuka da ruwan dattin manja: ko zai yi a Tawa?

Wani ɗan kasuwa mai sayar da manja a babbar kasuwar Tawa ya aiko da tambaya. Ɗansa ya nuna masa a Facebook yadda ake noman gansakuka a Maleshiya da ruwan dattin masana'antar manja, ana sayar da ita abincin kifi da kaji. Yana da miliyan 3 na sefa a ajiye, yana so ya san ko ya zuba su ciki.

Alhaji, akwai gaskiya cikin abin da yaron ya gani. Indunusiya da Maleshiya su ke tatsar mafi yawan manjan duniya, kuma kowace masana'anta tana fitar da ruwa baƙi-baƙi mai zafi da tsami, wanda in ya gangara kogi sai ya kashe kifi. Dole su kashe kuɗi su gyara shi. To da yake yana ɗauke da abincin tsiro, sai wasu suka ce bari a shuka gansakuka irin su kulorela da sifirulina a kansa. Ko a can ma ba a zuba shi kai tsaye. Sai ya ruɓe a rami, a sirka shi da ruwa mai yawa, don duhunsa yana tare hasken rana.

Ribarsu duka tana kan abu guda: dattin kyauta ne, kuma yana bakin ƙofarsu. Kai manja kake sayarwa, ba ka tatsarsa. Kwakwar manja ba ta yi a ƙasarmu, jarkokinka daga kudu suke zuwa. Ka ɗauko ruwan datti a tanka daga Benin ko kudancin Najeriya har Tawa? Kuɗin mota kaɗai ya cinye jarin, ga kuma iyakarmu da Benin ta Gaya da aka rufe a 2023. Wannan kam ban ba ka shawara ba.

Abin da ya fi kusa da mu shi ne sifirulina. Matan Kanembu a Cadi sun daɗe suna kwasarta a tafkunan kanwa, suna shanyawa, suna kiranta dihe. Ruwan kanwa take so, da rana, kuma duka biyun Allah ya ba mu. In ta bushe, fiye da rabinta furotin ne, wato sinadarin gina jiki. Kwami marar zurfi ake yi mata, kamar santimita 20, ana motsa ruwan kullum. Murabba'in mita 100 zai ba ka rabin kilo zuwa kilo guda a rana, in komai ya tafi daidai. Amma zafin Afrilu da Mayu a Tawa yana wuce 40, sai ka yi mata rumfa, kuma kwami mai wannan girma zai iya rasa kusan lita 1000 a yini. Ga ƙurar hunturu. Wadda mutane za su ci kuma, kada ruwan datti ya kusance ta ko kaɗan. Ran mutane ne a ciki.

Ni abin da ya fi damuna shi ne mai saye. Manja ba ka tallarsa, uwargida ce ke nemanka. Garin sifirulina kuwa sai ka yi bayani. Ka fara zagaya masu sayar da magani da masu kiwon kaji da kifi, a nan da Yamai, ka ji nawa za su ɗauka a wata, kuma a nawa. In ka ji magana mai ƙarfi, ware jaka 300, ka tura yaron ya koyi aikin wurin mai yi, ku gwada kwami ƙarami har ya ƙetare bazara guda. Sauran kuɗin su zauna cikin manja.