Me Ya Sa Masu Tsara Birane Ke Zama Suna Kallon Jama'a?

Tambaya: Ni ɗalibi ne a fannin tsara birane, kuma malaminmu ya tura mu mu zauna a wani dandali mu riƙa rubuta abin da mutane suke yi. Ashe wannan ba ɓata lokaci ba ne, tunda akwai taswira da ƙa'idojin gini?

Amsa: Malaminku ya ɗora ku a kan hanya mai kyau, domin taswira tana nuna abin da mai zane ya yi niyya ne kawai, amma yadda jama'a za su yi amfani da wurin ba ya bayyana sai an je an zauna an gani da ido.

A shekarar 1961 hukumomin birnin New York na Amurka suka ba masu gina dogayen benaye damar ƙara hawa idan suka bar fili a gaban ginin don amfanin jama'a. An samu filaye da yawa, sai dai akasarinsu sun zama kufai, ba mai zama a cikinsu. Daga wajajen 1970 wani masanin birane mai suna William Whyte da abokan aikinsa suka kafa kyamarori suna ɗaukar hoton waɗannan filaye daga safe har yamma, suna ƙirga masu zama da masu wucewa. Abin da suka gano mai sauƙi ne ƙwarai, amma masu zane sun daɗe ba su kula da shi ba: mutane suna taruwa ne a inda suka sami wurin zama. A filin da ke gaban ginin Seagram, jama'a kan cika gefen matakala da bakin dakali a lokacin cin abincin rana, alhali wasu filayen da suka fi shi ƙawa babu kowa. Sun kuma lura cewa masu hira ba sa komawa gefe, sai su tsaya a tsakiyar inda jama'a ke kai da kawowa, sannan wanda ya sami kujerar da ake iya ɗagawa yakan ɗan ja ta kafin ya zauna, ko da taƙi ɗaya ne, don ya zaɓi inuwa ko rana da kansa. Sakamakon wannan bincike, a 1975 aka gyara dokar birnin, aka wajabta samar da wurin zama mai tsawon ƙafa 1 ga kowane murabba'in ƙafa 30 na fili.

A Copenhagen, babban birnin Denmak, an hana motoci bin titin Strøget a 1962, kuma daga baya wani masanin tsara birane mai suna Jan Gehl ya riƙa ƙirga masu tafiya da masu zama a titunan birnin, abin da ya ba hukuma hujjar faɗaɗa yankunan masu tafiya a ƙasa sannu a hankali.

Idan ka je dandalin, kada ka tsaya ga ƙirga kawuna. Ka lura da ƴar hanyar da sawun mutane ya fitar a cikin ciyawa, domin ita ce ke nuna inda ya kamata a shimfiɗa hanya tun farko. Ka duba yawan mata da tsofaffi da yara, saboda su ne suka fi saurin ƙauracewa wurin da ba su aminta da shi ba. Ka kuma koma a lokuta daban-daban, da safe da dare, ranar aiki da ranar hutu, lokacin zafi da lokacin ruwa.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne cewa kallo ba ya nuna maka wanda bai zo ba. Mai keken guragu da matakala ta hana shi shiga, ko matar da duhun wurin ya sa ta canza hanya, ba za su taɓa shiga cikin ƙidayarka ba, don haka wajibi ne ka bi unguwannin da ke kewaye ka tambayi mazauna dalilin da ya hana su zuwa.