Amsa: Da gaske Amurka ta hana abincin leda a makarantu?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko da gaske ne Amurka ta haramta ba ɗalibai abincin kamfani. Ba ƙasar duka ba ce. Jihar Kalifoniya ce ta yi dokar da ake ta magana a kai, Gwamna Gavin Newsom ya sa mata hannu a Oktoban 2025, kuma ba yau za ta fara cizo ba. Makarantu za su fara janye irin abincin a 2029, sai a 2035 haramcin zai cika.

Abin da ake nufi shi ne wanda in ka juya ledarsa za ka ga jerin sinadaran da babu su a madafar kowa: kalar roba, ƙamshin haɗi, zaƙin da ba na sukari ba. Ba kowane abu na gwangwani ba ne, shi ya sa aka bar wa ma'aikatar lafiyar jihar ta tantance mafi illa.

Ni dai tsarin Burazil ya fi burge ni. Can ne ma Farfesa Carlos Monteiro na Jami'ar Sao Paulo ya fito da tsarin rabe-raben abinci bisa yawan sarrafa shi da aka yi. Su ta aljihu suka bi: a 2025 suka rage kason kuɗin ciyarwa da za a iya kashewa kan abincin kamfani daga kashi 20 zuwa 15 cikin ɗari. Tun 2009 kuma doka ta ce a sayi wani kaso daga ƙananan manoma, wato wake da rogon ƙauye na shiga tukunyar makaranta.

Meziko kuwa kantunan cikin makaranta ta taɓa: ta hana su sayar da abinci mai illa ga lafiya, tun Maris 2025.