Filin Kalmomi: Tuta, Tambari da Ihu Bayan Hari

Tambayoyin wannan karo sun taru a wuri ɗaya: abubuwan da mutane kan ɗaga idan sun fito nuna rashin yarda da sakamakon zaɓe. Na ɗauko waɗanda suka shafi harshe.

Wani ɗalibi daga Argungu: Malam, na ga hotunan magoya bayan Donald Trump da suka ƙi yarda da zaɓen 2020 riƙe da tutar Amurka a kife. Me suke nufi?

Ɗana, kafin ma'ana mu gyara kalma. Ƙwarya ake kifewa, da akushi, da kwalekwale, abin da ke da baki da ciki. Tuta juya ta ake yi, samanta ya koma ƙasa. A dokar tutar Amurka ba a yin haka sai don shelar cewa rai ko dukiya na cikin babban haɗari. Waɗanda suka ce an yi wa ɗan takararsu maguɗi sun ari wannan ma'ana, suna nufin ƙasar ce ke cikin haɗari, kuma an ga irinta ranar 6 ga Janairun 2021 da suka kutsa ginin majalisa a Washington. Kotunan ƙasar ba su sami hujjar maguɗin da zai sauya sakamakon ba. Tamu tutar, wadda Taiwo Akinkunmi ya zana a 1959, kore ne da fari da kore a tsaye, ko ka juya ta tana nan yadda take.

Wani mai karatu daga Gwandu: Malam, kakana kan ce "an ba shi tuta", amma yanzu abin da nake ji shi ne "ya ɗauki tuta". Akwai bambanci?

Akwai, kuma ba ƙarami ba. Allah ya saka wa kakanka, bakinsa ya fi na rediyo daidai.

A Hausar da muka gada, tuta ba abar ɗauka ba ce, abar karɓa ce. Bayan hijirar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo daga Degel zuwa Gudu a 1804, malamai sun riƙa zuwa wurinsa daga ƙasashe daban-daban, shi ke ba mutum tuta ya koma ƙasarsu da ita. Modibbo Adama ya karɓa, Yakubu na Bauchi ya karɓa, haka Buba Yero na Gombe da Ummarun Dallaje na Katsina da Malam Musa na Zazzau. Kai da ke zaune a garin Malam Abdullahi ba sai na ja maka wannan da nisa ba. Abin lura shi ne, duk wanda ya riƙe ta an san wanda ya ba shi, an san abin da aka ɗora masa, kuma an san wurin da za a kai ƙararsa idan ya kauce. Shi ya sa har gobe idan jam'iyya ta tsayar da ɗan takara ake cewa "an miƙa masa tuta", ba a cewa ya ɗauka.

Abin da ke ɓata min rai ke nan a gangamin yanzu. A tara yara a mota, a rarraba musu ƙyallaye da kwalaye rubuce da Turancin da ba su karanta ba, a ce su ɗaga. Ka tambayi yaro tutar wa ke hannunsa, sai ya nuna maka wanda ya biya kuɗin mai. Mun ga ƙarshen wannan a zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan 2024. Ba ta zaɓe ba ce, amma ta shafi maganarmu. Tutar Rasha, fari da shuɗi da ja, ta bayyana a Kano da Kaduna, kamar yadda aka gan ta a Yamai bayan juyin mulkin Yulin 2023. Hukumomin tsaro suka ce cin amanar ƙasa ne, aka kama mutane har da teloli. A watan Nuwamba aka gurfanar da ƙananan yara a kotu a Abuja, wasu suka yanke jiki suka faɗi, kafin shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su. Yaran nan yunwarsu gaskiya ce, kukansu gaskiya ne. Amma kayan aro ba ya rufe katara: tutar da suka ɗaga ba ta tsaya musu a kotu ba, ta ma ba da ƙofar da aka bar maganar tsadar masara aka koma maganar ƙyalle. Wanda ya fito don an sace masa ƙuri'a ya kiyayi wannan. Idan zai ɗaga abu, ya ɗaga wanda zai iya yi wa alƙali bayaninsa da bakinsa.

Don haka "ya ɗauki tuta" Hausa ce, ba kuskuren nahawu a ciki. Tana dai gaya maka cewa ba wanda ya ba shi.

Wata malamar makaranta daga Gusau: Tsintsiya da lema, tambarin jam'iyya ne ko alamarta?

Malama, alama ce. Tambari ganga ce ta sarauta, ba a buga ta don kowa, kuma duk wanda ya tashi kusa da fada a Anka ko Argungu ya san amonta. Daga nan aka ari sunan aka ba abin da ke wakiltar ikon hukuma, shi ya sa na yarda a ce tambarin Najeriya, mai mikiya da fararen dawaki biyu. Amma yau mai sayar da ruwan leda ma yana da "tambari". Jam'iyya neman mulki take yi, ba ita ce mulkin ba. Iyayenmu alama suka ce: fartanyar NPC da tauraron NEPU, gida da masara na NPN da makullin PRP, dokin SDP da mikiyar NRC. An zaɓo su ne daga abin da manomi ya sani, don wanda bai yi boko ba ya gane inda zai dangwala. Ki koya wa ɗalibanki haka, ko da 'yan jarida sun ƙi.

Daga Yawuri: Zanga-zanga, tarzoma, bore, duk ɗaya ne?

A'a. Zanga-zanga fitowa ce a nuna ƙin yarda, da kwalaye ko ɗanyen ganye a hannu. Idan aka fara ƙona dukiya da taɓa rayuka ta zama tarzoma, irin wadda ta biyo bayan zaɓen shugaban ƙasa na Afrilun 2011, inda ƙungiyar Human Rights Watch ta ce an kashe mutum fiye da 800. Bore kuwa bijire wa na sama da kai ne. Mai kiran tarzoma zanga-zanga yana rage wa mamata hakki, mai kiran zanga-zanga tarzoma yana nemo wa masu ita harsashi.

Wani dattijo daga Talatar Mafara: Ana ce wa masu ƙorafi bayan zaɓe suna ihu bayan hari. Karin maganar ta dace?

Baba, Allah ya ƙara girma. Ni dai ina jin nauyin jefa wannan karin magana cikin gardamar siyasa a Zamfara, inda hari ba labari ba ne. Ban da haka ma ba ta zauna daidai ba. Ihu bayan hari shi ne kukan da ba zai dawo da komai ba. Shi kuwa zaɓe, tsarin mulki ya ba wanda bai yarda ba kwana 21 daga ranar sanar da sakamako ya shigar da ƙara. Ku kanku shaida ne: ranar 24 ga Mayun 2019 Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un APC a jihar nan saboda ba ta yi zaɓen fitar da gwani yadda doka ta ce ba, Bello Matawalle ya zama gwamna. Ihun da ya zo bayan Kotun Ƙoli ta gama magana, shi ne ya cancanci sunan.

Daga Zuru: Mene ne "ciri tuta"?

Fin kowa a abin yabo. Ba a cewa gari ya ciri tuta wajen satar akwati.

Daga Birnin Kebbi: Akwai Hausar "inkonkulusib"?

Akwai mana: zaɓen da bai kammalu ba. Haka aka yi da na gwamnan Kebbi a Maris na 2023, aka ƙarasa shi ranar 15 ga Afrilu, Nasir Idris ya yi nasara. Na biyun kuma cikon zaɓe ne, ba sabon zaɓe ba.