Tambaya da Amsa: Serba ta ce ba ta san ƴar sitaj ɗinmu ba

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, da fatan an tashi lahiya. Ni ne mai kula da odinatoci a wani ƙaramin biro nan Zinder wajen kasuwar Dole, kuma wallahi ba karanta abin na yi ba, kawai an ga ina ɗan taɓawa aka ɗora mini. Muna da serba guda mai Windows Server da domen, wato tsarin da serba ke riƙe kwant ɗin kowa a wuri guda, ma'aikata kowa da sunanshi da modapas ɗinshi. To an kawo mana ƴan sitaj biyu daga jami'a kowa da odinatarshi ta hannu, ina so su shiga dosiyen rahotanni da ke kan serba, na je wurin ba da izini na rubuta sunan da ɗayarsu, wata yarinya, ke buɗe mashin ɗinta da shi, serba ta ce ba ta san sunan ba. Wani abokina ya ce in sa rukunin Tout le monde, wato kowa da kowa, kawai in huta, na sa, amma har yanzu modapas take tambaya. Don Allah ina na kuskure? Daga Laminu, Garin Malam.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena Laminu. Serbar ba ƙarya ta yi maka ba, da gaske ba ta san yarinyar ba kuma ko ka kwana kana rubuta sunan ba za ta san ta ba. Kwant ɗin da aka buɗe cikin mashin yana zaune ne cikin wannan mashin kaɗai, a wata ƴar ma'ajiya da Windows ke kira SAM, alhali na ma'aikatanku suna cikin Active Directory inda duk mashinan domen ke zuwa tambaya. Kamar ka je ƙofar fada a Birni ne ka ce wa dogari ai a gidanmu kowa ya san ni, zai ce to madalla amma nan ba gidanku ba ne. Kuma Windows ba ma sunan take kallo ba, kowane kwant yana da wata doguwar lamba tashi da ake kira SID, ita ake rubutawa cikin izinin dosiye, shi ya sa Aisha ta mashin ɗinta da Aisha ta serba mutum biyu ne a wurinta.

Abin da ni zan yi in ni ne kai, in buɗe wa kowannensu kwant a cikin domen, in haɗa su cikin rukuni guda in sa mishi suna ƴan sitaj, rukunin nake ba izini ba mutum ba, don gobe in an kawo wasu sai dai ka jefa su ciki. Ba dole ba ne ka shigar da mashinansu cikin domen, asali ma in Windows Famille ce a kai, wadda galibin odinatocin da ɗalibai ke saye da ita suke zuwa, ba ta shiga domen ko ka so. Yarinya ta buɗe mashin ɗinta yadda ta saba, ta rubuta \\sunan-serba\rahotanni a Explorateur, in akwatin modapas ya fito ta sa sunan domen, sandar nan mai jingina baya, sannan sunanta, wato DOMEN\aisha, ta danna wurin da ke cewa a tuna da shi. Nan mutane da yawa ke faɗuwa, su rubuta suna zalla ba domen a gaba, sai a yi ta neman sunan inda ba ya nan su kuma su yi ta zagin rezo. In kana son ya fito mata kamar faifai mai harafi, buɗe baƙin allon nan na Invite de commandes (cmd) ka rubuta net use Z: \\sunan-serba\rahotanni /user:DOMEN\aisha * /persistent:yes, tauraron nan shi ke sa ta tambayi modapas ba tare da ya bayyana ba.

Akwai wata dabara ta tsofaffin hannu, a buɗe kwant a kan serbar dosiye da suna da modapas iri ɗaya sak da na mashin mutum, sai ya wuce ba tambaya. Tana aiki, amma ranar da ɗaya ya canza modapas abin ya watse, kuma ku da serbarku guda ce ita ke riƙe da domen, irin wannan ba ta da kwant na cikin gida sam, duk wanda ka buɗe a kanta na domen ne.

Shi kuma abokinka mai Tout le monde, a gaishe shi. Tun Windows Server 2003 wannan rukunin bai haɗa da wanda bai faɗi sunanshi ba, shi ya sa har yanzu take tambayarka modapas, sai ka kunna kwant ɗin baƙo kafin ƙofa ta buɗe, kuma sababbin Windows 11 Pro sun daina yarda su shiga dosiye a matsayin baƙo sai an canza musu saiti. Ni dai ban ba ka shawarar ka bi ta nan ba, na taɓa zuwa wani biro da aka yi haka, duk wanda ya samu kod ɗin wifi har mai kawo shayi yana iya buɗe takardar albashi, shugaban bai sani ba sai da ya ji ana lissafin kuɗinshi a bakin ƙofa. Ka je yau ka cire abin da ka sa.

Sai ka lura izinin hawa biyu ne, cikin Propriétés na dosiyen akwai na shafin Partage akwai na shafin Sécurité, kuma wanda ya fi tsauri cikinsu shi ke cin nasara. In ka ba su damar gyara a Sécurité amma Partage karatu kawai ya ce, za su buɗe rahoto su kasa ajiye shi, su zo su ce maka serba ta lalace.

Abu ɗaya da zai iya ba ka ciwon kai ran farko shi ne kuskure mai lamba 1219. In ka taɓa gwada shiga serbar daga mashin yarinyar da naka sunan, Windows ba ta yarda mutum ya haɗu da serba guda da suna biyu lokaci ɗaya, sai ka rubuta net use * /delete ka share tsohon, ka leƙa Gestionnaire d'identification, inda Windows ke ajiye modapas ɗin da aka ce ta tuna, ka goge naka in ya maƙale can, sannan ta sake gwadawa da nata. Kuma da zarar ka buɗe kwant ɗin, cikin Propriétés nashi akwai gurbin ranar ƙarewa a shafin Compte, ka tambayi ranar da sitaj ɗinsu zai ƙare ka sa ta tun yanzu.