Tambaya da Amsa: Sana'ar Tayoyin Manyan Motoci na Gwanjo

Tambaya: Ina da ɗan jari, kuma ina son in riƙa sayen tsofaffin tayoyin manyan motoci ina sayarwa. Yaya zan gane tayar da za ta kawo riba?

Amsa: Malam, ribar wannan sana'a tun wajen saye ake samunta, domin wanda ya sayi mushe ba shi da abin sayarwa. Ka fara duba lambobi huɗu na ƙarshe da ke bin rubutun DOT a gefen taya: 2321 na nufin an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2021. Roba tana bushewa da tsufa ko da zanenta bai cinye ba.

Kada zurfin zane ya ruɗe ka, domin akwai masu sake yanka shi a tayar da ba a yi ta don haka ba. Ka haska cikinta da tocila, ka shafa da tafin hannu. Idan fatar ciki ta yamutse ko ta yi baƙin gari, to an tuƙa ta babu iska, wayoyin ƙarfen da ke cikin robarta sun gaji. Kumburi a gefe, tsagewar da ta kai ga waya, da lalacewar bakin da ke kama rim, duk ba su gyaruwa da faci.

A ganina, bai dace ka sayar da tayar da kake shakka a kanta don ƙafar gaba ba. Wadda zanenta ya ƙare amma gangar jikinta na da lafiya, masu manna wa taya sabuwar roba mai zane za su saya.