Filin Tambaya da Amsa: Wa ya kashe mini abin toshe talla a kwamfutata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon kwamfuta a Samaru, Zariya, inda ɗalibai ke zuwa cike fom da buga takardu da duba sakamakon jarrabawa. Kwamfuta shida gare ni, kowacce na sa mata abin toshe talla mai suna uBlock Origin a Chrome, saboda talla na cinye mini data, ga kuma hotunan banza da kan faɗo a gaban 'ya'yan mutane. Kwatsam na wayi gari Chrome ya kashe shi da kansa, wai an daina tallafa masa. Da farko yakan bari in sake kunnawa, yanzu maɓallin ma ya ƙi dannuwa. Wani yaro ya ce cuta ce ta shiga, in kawo ya wanke mini kwamfutocin kaf. Wani kuma ya turo mini fayil ta WhatsApp, ya ce in saka zai dawo. Da kuɗina na sayi kwamfutocin nan. Wa ke da hurumin kashe mini abu a cikinsu ban ce ba? (Daga wani mai shago, Samaru.)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka riƙe kuɗin wankin nan ka sayi fetur ɗin janareta, babu cutar da ta kama kwamfutocinka. Google ne ya kashe shi, da gangan, kuma ba kai kaɗai ba, duk mai Chrome a duniya haka aka yi masa.

uBlock Origin ƙari ne, wato 'yar manhajar da ake liƙa wa burauza (manhajar buɗe shafukan intanet, irin su Chrome) don ƙara masa wani aiki. Kowane ƙari yana tafiya ne bisa ƙa'idar da mai burauzar ya shimfiɗa, wadda ta fayyace abin da aka yarda ƙarin ya taɓa da wanda aka hana shi. Shekara da shekaru Chrome na amfani da ƙa'idar da ake kira Manifest V2. A ƙarƙashinta, duk lokacin da shafi ya nemi ɗauko wani abu daga waje, hoto ne ko bidiyo ko talla ko 'yar manhajar leƙen asiri, sai burauza ya tsaya ya tambayi uBlock Origin: in wuce da wannan ko in tare? Shi kuma ya duba ya yanke hukunci nan take. Wannan damar ce ta sa ya fi sauran ƙarfi. A ƙarshen 2018 Google ya sanar da sabuwar ƙa'ida, Manifest V3, wadda ta juya lamarin. Yanzu ƙarin zai rubuta jerin dokokinsa tun da wuri, ya miƙa wa Chrome, Chrome ne zai riƙa tarewa, kuma akwai iyaka ga yawan dokokin da irin abin da za su iya cewa. An yi ta ɗage ranar saboda koke-koken masu ƙirƙira, sai a watan Yunin 2024 aka fara kashe tsofaffin a hankali. Lokacin da kake iya sake kunnawa shi ne zangon lallashi. Daga tsakiyar 2025, da fitowar Chrome 139, aka rufe ƙofar gaba ɗaya, har ga manyan kamfanonin da aka ba wa rangwamen shekara guda.

Hujjar Google ita ce tsaro, kuma ba zan ce ƙarya ba ce. Ƙarin da ke ganin duk abin da ke shiga da fita a burauza zai iya ganin shafin bankinka da na imel ɗin kwastomanka. An sha ganin ɓarna ta wannan ƙofa. Akwai wani shahararren ƙari, The Great Suspender, da mutum fiye da miliyan 2 ke amfani da shi don rage wa kwamfuta nauyi. A 2020 wanda ya ƙirƙira shi ya sayar da shi ga wani da ba a san ko wane ne ba, sabon mai shi ya cusa masa hanyar ɗauko umarni daga waje, sai a watan Fabrairun 2021 Google ya cire shi daga rumbunsa, ya kuma kashe shi a kwamfutocin jama'a. A ranar, ikon nan da kake kuka da shi ne ya ceci mutane. Sabuwar ƙa'idar ta haramta irin wannan ɗauko umarni daga waje, kuma wannan ci gaba ne.

Amma ni dai ba na iya mantawa da inda Google ke samun abincinsa. Kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗin shigar Alphabet, uwar kamfanin, daga talla yake fitowa. Mai sayar da talla shi ne kuma yake rubuta dokar yadda za a toshe talla. Raymond Hill, wanda ya ƙirƙiro uBlock Origin kuma ba ya karɓar ko sisin gudummawa, tun farkon 2019 ya faɗa cewa in aka tafi a haka manhajarsa ba za ta rayu a Chrome ba. Ƙungiyar EFF ta Amurka, mai kare haƙƙin masu amfani da intanet, ita ma ta ce gyaran ya fi rage wa mai amfani ƙarfi a kan ya ƙara masa tsaro, domin mugun ƙari har yanzu yana da wasu hanyoyin karanta shafi. A ganina da an ga dama da an bar wa wanda ya san abin da yake yi wani maɓalli a can ciki, ko da an lulluɓe shi da gargaɗi bakwai. Ba a bari ba.

Kan maganar hurumi kuwa, gaskiyar mai ɗaci ce. Akwatin da allon naka ne, amma Chrome haya kake yi a cikinsa, haya ta kyauta. Mai gida ya ce zai sauya wayoyin wuta, soket ɗin da ka dasa ya daina aiki, ba ka da kotun da za ka kai shi. Abin da ya rage maka shi ne ka tashi ka koma wani gidan, kuma an yi sa'a tashin ba wuya.

Ga abin da zan yi da ni ne kai. Ka sa wani burauzar, Firefox, a kwamfutocin shida, ka shiga rumbun ƙare-ƙarensa da ke addons.mozilla.org, ka ɗauko uBlock Origin na ainihi, ka tabbatar sunan Raymond Hill ne a ƙasa, don akwai na jabu masu kama da suna. Mozilla, mai yin Firefox, ta karɓi Manifest V3 amma ta bar tsohuwar hanyar tarewa tana aiki, shi ya sa cikakken uBlock Origin ke nan daram a can. Lokacin sakawa Firefox zai tambaye ka ko ya kwaso maka alamomin shafuka daga Chrome, ka ce eh. Kada ka goge Chrome, domin wasu shafukan rajista na makarantu da hukumomi da shi aka gwada su, sukan yi gardama a wani wuri. A cikinsa ka sa uBlock Origin Lite, ƙanen wancan, wanda Hill ɗin dai ya yi bisa sabuwar ƙa'ida. Yana tare mafi yawan tallan yau da kullum, musamman in ka ɗaga shi daga matakin farko zuwa na biyu ko na uku. Rauninsa shi ne jerin dokokinsa ba ya sabuntuwa sai an sabunta ƙarin kansa ta rumbun Google, don haka shafukan da ke wasan ɓuya da masu toshe talla sukan riga shi. Akwai kuma burauzar Brave, wanda da injin Chrome aka gina shi amma abin toshe tallansa a jikinsa yake, ba liƙawa aka yi ba, don haka sauyin bai taɓa shi ba.

Fayil ɗin WhatsApp kuwa, goge shi. Ko da tsarkakakke ne ba zai yi aiki a sabon Chrome ba, in kuma ba tsarkakakke ba ne ka buɗe wa baƙo ƙofa a kwamfutar da ɗalibai ke shigar da lambar katin banki da NIN. Haka nan masu cewa ka hana Chrome sabunta kansa don ka tsaya a tsohon: gudun gara ne ka faɗa gidan zago, don kusan duk wata ana toshe ramukan tsaro a burauza, wasu ma ɓarayi sun riga sun fara shiga ta cikinsu.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni malamar firamare ce a Maraɗi. Ina da tsohuwar laftof mai Windows 7 da ƙanena ya ba ni, Firefox nake amfani da shi. Tun wajen watan Maris na 2025 duk ƙare-ƙaren da ke ciki suka mutu lokaci guda, har da na fassara da nake dogaro da shi wajen karanta darussan Turanci. Yana cewa ba a iya tantance su ba. Na ji ana yabon Firefox cewa shi ba ya yi wa mutane haka. (Daga wata malama, Maraɗi.)

Amsa: Barka kadai, Malama. Masu yabon sun faɗi rabi sun bar rabi, ni ma yanzu na gama yabonsa a sama, don haka bari in cika.

Tun 2016, daga Firefox 48, Mozilla ta wajabta cewa duk ƙarin da zai yi aiki sai yana ɗauke da hatiminta. Dalilin shi ne a wancan zamani manhajojin banza sukan cusa wa mutane ƙare-ƙare ta bayan fage, ka saukar da abin kallon bidiyo ka tarar an sauya maka shafin bincike. Hatimin yana dogara ne da wata takardar shaida ta lantarki, ita kuwa tana da ranar ƙarewa. Wadda ke cikin tsofaffin Firefox ta ƙare ranar 14 ga Maris 2025. Duk wanda lambar Firefox ɗinsa ba ta kai 128 ba, ko 115.13 a layin ESR (nau'in da ake daɗewa ana kula da shi), sai burauzar ya duba hatimin ya ga wa'adi ya wuce, ya kashe komai. Naki ke nan.

Maganin: ki danna layuka ukun nan na kusurwar dama, ki shiga wurin taimako, ki buɗe bayanin Firefox, ki ga lambar da kike kai. Windows 7 ba ya ɗaukar sabon Firefox, iyakarsa layin 115 ESR, to shi za ki ɗauko daga shafin Mozilla ki ɗora a kan wanda ke ciki. Kada ki goge tsohon tukuna, kuma kada ki cire ƙare-ƙaren, don in kin cire su saitunansu na iya tafiya. Da zarar sabon ya hau sukan farfaɗo da kansu. Ki kuma duba agogon laftof ɗin. Tsofaffin na'urori batirin agogonsu kan mutu, kwanan wata ya koma shekarun baya, wannan kaɗai ya isa ya rikita tantancewar.

A wannan karon Mozilla ta yi gargaɗi watanni kafin ranar. A 2019 kuwa sakaci ne tsagwaronsa. Ranar Asabar 4 ga Mayu, dab da shiga azumi, irin wannan takarda ta ƙare ba wanda ya sabunta ta, aka wayi gari kusan duk ƙare-ƙaren Firefox a duniya sun mutu. Har Tor Browser, wanda 'yan jarida da masu gudun sa idon gwamnati ke fakewa da shi, ya rasa NoScript, wani ƙarin tsaro da ke cikin garkuwarsa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne hanyar gyaran gaggawa: ta tsarin da Mozilla ke gwaje-gwaje a burauzar mutane aka tura shi, wanda ya kashe wannan tsari don kare sirrinsa sai da ya kunna kafin ya samu. Daga baya suka fitar da Firefox 66.0.4 mai ɗauke da gyaran, suka nemi afuwa, suka ce za su goge bayanan da aka tara a kwanakin. Kafin nan ma, a Nuwamban 2017, Firefox 57 ya binne dubban tsofaffin ƙare-ƙare a rana ɗaya saboda sauya tsari, wasu ba su dawo ba har yau. Kuma mafi yawan kuɗin Mozilla daga Google ɗin nan yake zuwa, ladan sanya shi a matsayin injin bincike na farko. Bambancin da nake gani shi ne Mozilla ba ta da ribar da za ta ci in abin toshe talla ya yi rauni, kuma ta bar maɓallin kashe tantance hatimi a wasu nau'o'inta na ƙwararru. Ban ce ki taɓa shi ba.

Shawara ta ƙarshe, Malama: Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, Chrome ma ya daina sabuntuwa a kansa tun daga lamba 109. Mozilla ta sha tsawaita wa'adin 115 ESR, amma jan rai ne. Kada ki shiga asusun banki da wannan laftof. In akwai mai gyara da kika yarda da shi, ki tambaye shi ya ɗora miki Linux Mint, wata babbar manhajar da ke maye gurbin Windows, yakan tayar da tsofaffin na'urori kuma sabon Firefox na hawa a kansa. Sababbin Firefox ɗin ma suna da fassara a jikinsu tsakanin Turanci da Faransanci, wadda ke aiki a cikin na'urar bayan an saukar da harshen sau ɗaya.

Tambaya: Yallaɓai, mu da ba mu da kwamfuta fa? Tun da aka ƙara kuɗin data, talla ke cinye mini rabi. Ana iya sa irin wannan a waya? (Daga wani ɗalibi, Gombe.)

Amsa: Ana iyawa, ɗan'uwa, amma ba a Chrome ba. Chrome na Android ba ya karɓar ƙari ko ɗaya, kuma shi ne ke zuwa a cikin yawancin wayoyinmu. Tun da NCC, hukumar sadarwa ta Najeriya, ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, tambayarka ta zama ta kowa. Ka saukar da Firefox daga Play Store, ka shiga sashen ƙare-ƙare, uBlock Origin na nan a sahun gaba. Firefox na waya ma ya taɓa taƙaita ƙare-ƙaren zuwa 'yan tsiraru a 2020, sai a Disambar 2023 ya sake buɗe ƙofa da fiye da 450. In wani ya ce maka Kiwi Browser, ka bar shi, an daina sabunta shi tun farkon 2025.

Kada dai ka sa rai da yawa. Shafukan da ka buɗe a cikin burauzar kaɗai zai tsaftace. Tallan da ke cikin manhajar Facebook ko TikTok ko wasannin waya ba ya isa gare su, kuma a can mafi yawan datarka ke tafiya, musamman bidiyon da ke kunna kansa. Ka shiga saitin kowace manhaja ka kashe kunna-kai, ka hana waɗanda ba ka buƙata jan data a bayan fage, sannan ka duba lissafin amfani da data a saitin wayar bayan mako guda ka ga wace ce ke kan gaba.